Hoton Mai Juna Biyu da Na Rasa a Kaduna

Shekarar da na fara aiki da wani ƙaramin kamfani a Unguwar Dosa, aka ba ni tsara fuskar wata manhajar waya da za ta riƙa tuna wa masu juna biyu ranar awo. Launi da maɓallai ba su ba ni wahala ba. Hoto ɗaya ne ya hana ni sakat, wanda mace za ta fara gani da zarar ta buɗe manhajar.

Na shiga rumbunan hotuna na intanet ina lalube. Turawa suka cika min allo, kowacce ta ɗage riga ta tallabe ciki tana murmushi. Baƙaƙen fatar ma haka, ko ɗankwali babu. Raina ya ɓaci. Na san matan da muke yi wa aikin, da su nake shiga Keke Napep zuwa Kinkinau, kuma na san ba wadda za ta bar wannan a wayarta.

Na roƙi shugabanmu ya bar ni in ɗauko namu hoton. Ya ce, "Ki dai hanzarta, waɗanda suka ba mu aikin suna jira."

Ranar awo na je wani asibiti, na bi layi ina bayani har bakina ya bushe. Wata ta ja hijabi ta rufe fuska. Wata ta ce sai ta tambayi maigida. Wata dattijuwa da ta rako 'yarta ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, ciki ake tallatawa? Ba kya tsoron bakin mutane?" Ai mu ma a gidanmu sai dai a ce wance ta yi nauyi.

Daga nan na nufi Mando wajen ƙanwata, mai ɗauke da cikin fari. Na rantse mata fuskarta ba za ta fito ba, hannunta kawai a kan hijabi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ko hannun ne dangin mijina za su gane. Ni da ko Umma ban iya gaya wa da bakina ba." Na hau ta da faɗa, na ce don lafiyar irinta ake yi. Ta sa kuka, ni kuwa na tafi a fusace.

Sai na zana mace cikin dogon hijabi. Masu aikin suka ce ba a gane ciki gare ta ba, kamar tallar Islamiyya. Abin haushin, gaskiya suka faɗa, ai aikin hijabin ke nan. Shugaba ya gaji da ni, ya zaɓi ɗaya daga hotunan intanet ɗin. Da hannuna na ɗora shi.

Da manhajar ta fito, ni na saka wa ƙanwata a wayarta. Bayan kwana biyu na ji ranar awonta ta wuce ba ta je ba, ta manta. Na karɓi wayar na duba, babu manhajar.

Ta ce, "Na goge, Yaya. Surukata kan ari wayar ta kira gida. Idan ta ga wannan matar fa?"

Na miƙa mata wayarta. Ban ce ta mayar ba, kuma ban sake cewa kowa ya saka ba.