Sama da Hannu

Filin ƙwallon unguwarmu ta Nakkasa, a nan ƙasa mai tsarki, ɗan sarari ne a gindin dutse, ƙasa da tsakuwa, kuma a karkace yake. In ka ajiye ƙwallo ka juya baya, sai ta kama hanyar gangare abinta. 'Yan kallo a kan duwatsu da rufin gidaje suke zama, kowa da kofin shayinsa. Bayan la'asar ake farawa, kuma ladan shi ne babban alƙalin wasa: da ya kira magariba an tashi, ko da ƙwallo na bakin raga.

Na ce raga ne don sabo, amma babu raga. Bututun ruwa biyu aka kafa, babu ƙarfen sama. To yaya za a san ƙwallo ta shiga ko ta wuce ta sama? Magabata sun yanke hukunci: gola ya ɗaga hannu, duk abin da ya wuce yatsunsa ba ci ba ne. Sai 'yan kallo su haɗa baki, "Sama da hannu!"

Wannan doka ita ta yi Kawu, ƙanen mahaifiyata. Kawu gajere ne na buga misali. In ya tsaya bayan kanta a shagonsa na turare, hularsa kawai kake yi wa sallama. Wasu unguwanni su sa dogaye a gida, mu kuwa mu sa Kawu. Zaratan samari su yi ta ɗirkar ƙwallo, shi kuma ya ɗaga hannu cikin natsuwa kamar mai tsayar da tasi. Har ya bar wasa kirarinsa ɗaya ne: ba a taɓa cin sa ta sama ba. Bayan matarsa ta rasu, gwiwa ta zaunar da shi, shago ya koma hannun 'ya'ya, wannan kirarin ne kaɗai ya rage masa, kuma ya riƙe shi gam.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, wani dogo ɗan wasan gaba na ƙungiyar mutanen da suka zo ta Chadi, wanda ya tsufa yana tuƙa motar alhazai a unguwar Aziziyya. Ya rantse akwai ƙwallon da ya buga tun suna samari da ta shiga, Kawu ne ya lanƙwasa gwiwar hannu. A gidan biki su yi wannan gardama, a gidan rasuwa ma su yi ta ƙasa-ƙasa.

Bara aka ce za a rushe wannan ɓangaren dutsen, sai tsofaffi suka shirya wasan bankwana. Ni na ɗauko Kawu daga unguwar Utaibiyya, inda suka koma da 'ya'yansa. Ƙurar wurin na bugun hancina na tuna yadda nake son filin nan da duk muninsa. Amma muna shiga muka ga abin da samarin yanzu suka aikata. Sun yi wa bututun walda, sun ɗora ƙarfen sama, har da farin fenti.

Kawu ya tsaya ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

"Wane ɗan bidi'a ne ya yi wannan?"

"Kawu, ka zauna ka sha shayi," na ce. "Ba dole sai ka tsare gida ba."

"Ya waladi, ɗana, riƙe min sandar nan."

Wasan bai yi kama da wasa ba. Tsofaffi sun ɗaure jallabiya a ƙugu, tumbi na gaba suna baya, ƙwallo kuwa ta fi kowa sanin hanyar gangare. Wani ya faɗi shi kaɗai ya nemi a hukunta tsakuwa. Ni dai ban yi dariyar kirki ba, idona na kan ƙarfen nan da ya yi wa Kawu nisa.

Dab da magariba, alƙalin wasa, wani matashi da ya koyi doka a talabijin, ya ba da fenariti. Dogon nan ne ya ajiye ƙwallo. Ya ja baya, ya taho yana ɗingishi, ya buga. Ƙwallo ta wuce saman yatsun Kawu, ta bi ƙarƙashin ƙarfe. Alƙali ya busa usur, samari suka yi ihu. Kawu bai sauke hannu ba. Babu wanda ya amsa masa daga kan dutse. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

Sai dogon ya juya wurin alƙali.

"Halas, ya isa haka, ɗana, ajiye usur ɗin nan. Sama da hannu."

"Amma Baba, ga ƙarfen..."

"Ƙarfe baƙo ne. Mu nan da hannu muke awo."

Tsofaffin kan dutse suka miƙe, masu sanda da marasa sanda, suka ɗauka gaba ɗaya, "Sama da hannu!"

Dogon ya taka har gaban Kawu, ya sunkuya daidai kunnensa, amma duk mun ji.

"Ta yau ba ta shiga ba. Amma waccan, wallahi ta shiga."

"Ƙarya kake yi," in ji Kawu, yana share ido da hannun da ya sauke.