Ɗakin da Inna Ta Sa Na Gyara a Gawon Nama

A jami'a na karanci tsara cikin gida da ƙawata shi. Abin da malaminmu ya fi nanata mana shi ne, kafin ka auna bango, ka fara sanin wanda zai kwana a ɗakin. Da na dawo Sakkwato, yawancin aikin da nake samu ɗakunan amare ne da ofisoshi, har ranar da wani ma'aikacin gwamnati ya kira ni gidansu a Gawon Nama. A ƙofar gida ya tare ni, ya ce mahaifiyarsa ke son a gyara ɗakin wansa, kuma duk abin da ta ce in yi. Bai jira na tambaye shi komai ba ya hau mota.

Na iske tsohuwar a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗiyata, taso ki gani," in ji ta.

Ɗakin na kusa da zaure, fentinsa ya ɓare, amma a share yake tas. Na fara tambayoyin da aka koya mini.

"Inna, wane launi ya fi so?"

"Shuɗi. Amma ba mai duhu ba, shina cewa mai duhu na ƙara zahi."

Ta ce dogo ne, a yi gadon da tsawo. Ba ya son haske a ido da safe, a sa labule mai kauri. Yana karatun Alƙur'ani bayan La'asar, a bar masa wuri kusa da taga. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ban kuma yi mamaki ba tunda ɗan fari ne. "Yaron nan" kawai take cewa.

Aiki ya yi nisa, na kawo ƙyallayen labule kala-kala, na ce ko za a kira shi a waya ya zaɓa da kansa. Inna ta dubi ƙyallayen, ta shafa ɗaya, ta ce za ta duba tukunya. Ƙanwar mai ɗakin, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana shayar da jariri, ta yi ƙasa da murya.

"Ba a gaya miki ba? Fataucin albasa ya tahi, shekaru ke nan. An ga motar a gefen hanya, ba a gan shi ba. Ba wanda ya kira, ba a kuma kawo gawa ba."

Na tsaya riƙe da ƙyallayen, na rasa inda zan ajiye su. Na yi niyyar barin aikin, amma washegari na koma. Inna ta zaɓi labulen da kanta, ba mu sake maganar waya ba. Ranar da muka gama ta shiga ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana duban bangon, sannan ta sa mini albarka. Ta ce in kunna fanka kafin in fita, kada ɗakin ya ɗau zafi.

Bayan haka na yi gidaje da yawa, har da wani otal a hanyar Wamakko. Amma duk lokacin da na tambayi mai gida wa zai zauna a ɗaki, sai in tuna ɗakin Inna kafin ya amsa.

Bara ƙanen nan, ma'aikacin gwamnatin, ya sake kirana. Inna ta rasu, suna son a mayar da ɗakin shago mai fuskantar titi. Na je, muka shiga tare. Da ya buɗe kabad, sai ga kaftanai jere a rataye, sababbi, ba wanda aka taɓa sawa. Ya ce kowace Sallah takan sa tela ya ɗinka ɗaya. Na lura na baya-bayan sun fi faɗi. Ya ce ita ke sa a ƙara, wai mutum in ya manyanta yakan yi jiki.

Ya tambaye ni yadda za a yi da su. Na ce wannan ba ya cikin abin da na karanta. Ya kwashe su a kafaɗa ya shiga cikin gida, ni kuma na nuna wa magina inda za su fasa ƙofa.