Mai Shafi Marar Hoto

Shekarar da na dawo gida daga Zariya, da takardar difloma a hannu amma babu aiki, Baba ya ce in sauko fadama in taya shi dafa mazarƙwaila kafin Allah ya kawo abin da nake jira. Ƙauyenmu yana ƙasar Gazara, kuma tun ba a haife ni ba Baba yake wannan sana'a. A sare rake, a matse a inji, a juye ruwan cikin manyan kasake na ƙarfe, a yi ta hura wuta da busasshen ɓawon raken har ruwan ya yi kauri, sannan a zuzzuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Ranar kasuwar Makarfi dillalai su zo su saye yadda suka ga dama.

Ni ban iya tsayuwa a bakin wuta ba, abin da na iya shi ne waya. Wata rana na ɗauki Baba a bidiyo yana gwada dahuwa. Yakan ɗebo da ludayi, ya ɗiga cikin ƙwaryar ruwan sanyi, ya murza da yatsa, sai ya girgiza kai ya ce, "Saura kaɗan, kada a yi mata gaggawa." Na ɗora a shafina don abokan makaranta su yi dariya. Kafin in ankara bidiyon ya wuce abokaina, ya faɗa hannun mutanen da ban taɓa jin sunansu ba.

Wata hajiya daga Kaduna ce ta fara tambayar ko ana aikawa. Na ce ana aikawa, alhali ban san yadda ake yi ba. Na naɗe mata a tsohuwar jarida, na kai tashar Makarfi, na ba wani direba. Bayanta sai masu kunu, da masu gudun farin sukari, da 'yan ƙasarmu da aiki ya kai Abuja da Legas suna kewar abin da suka tashi da shi. A hankali na koyi sana'ar. Na daina jarida na koma leda mai kyau da kwali, na sa aka buga mini sitika a Ikara, na gane direban da ke isar da kaya da wanda ke mantawa da su a but ɗin mota. Na kuma gane wani abu da duk mai sayarwa a waya ya sani: hoton kaya shi kaɗai ba ya tafiya. In na ɗora mazarƙwaila a faranti, sai a wuce. In Baba ya fito, da hularsa a karkace da gumi a goshi, sai waya ta yi ta ƙara har yamma.

Masu saye suna son ganin komai, kuma suna da gaskiya, abin ci ne. A nuna mana gonar. A nuna mana ruwan da ake wanke kwanuka da shi. Na riƙa nunawa, wani lokaci kai tsaye, ina tafiya daga bakin hanya har rumfar dahuwa ina amsa tambayoyi. Kafin rani na biyu mun daina jiran dillalai. Baffa, ƙanen Baba, ya haɗa rakensa da namu, muka sayi sabon inji, aka cire ciyawar rumfa aka sa kwano.

Inna ce kaɗai ba ta sake da abin ba. Wata rana ina nuna mata yadda ake yabon Baba, sai ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta ce, "Auta, su wa ke kallon nan?"

Na ce, "Mutane ne, Inna. Masu saye."

"Dukkansu masu saye ne?"

Na yi dariya na karɓi wayata. A lokacin labarin ɗauke mutane a gona yana zuwa mana ne daga can yamma, muna ji a rediyo muna cewa Allah ya kiyaye.

Cikin masu rubutu a ƙarƙashin bidiyoyina akwai wani shafi marar hoto, sunansa ma ba suna ba ne, baƙaƙe ne da lambobi a haɗe. Da farko addu'a yake yi kamar kowa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ban lura da shi ba sai ranar da ya rubuta, "Wannan tsamiyar ce ta bayan firamare?" Ita ce kuwa. Na ɗauka ɗan yankinmu ne da ke zaune a birni, na amsa masa da e.

Bayan nan ya biyo ni ta saƙon sirri. Ya ce kaya yake so masu yawa, amma ba ya son a kai tasha, shi zai zo da kansa ya ɗauka a rumfa. Na yi murna. Na tambaye shi manya yake so ko ƙanana, bai amsa wannan ba. Tambayoyinsa daban ne. Wace rana ce Baba ba ya fashin zuwa? Mota tana shiga har wurin ko sai mashin? Akwai sabis a fadamar? Ku nawa ne ke aiki da rana? Duk wanda ya taɓa sayen mazarƙwaila a wurina sai ya tambayi farashi, ya nemi ragi, ya tambayi ko tana narkewa a hanya. Wannan bai taɓa tambayar ko ɗaya ba. Na ce masa mu haɗu a tashar Makarfi, a can nake ba kowa kayansa. Ya karanta, daga nan bai sake maganar kaya ba.

Aka ɗan kwana biyu. Sai wata rana da sabis ya ɗauke tun safe, ban ɗora komai ba, ban ma fito da wayar daga aljihu ba. Da la'asar na hau tudun bakin hanya inda sabis ke kamawa, saƙonni suka shigo. A ƙarƙashin wani tsohon bidiyo ya rubuta, "Shuɗiyar rigar nan ta yau ta karɓi Baba."

Na juya na dubi fadama. Daga inda nake ina hango hayaƙin rumfarmu, da Baba a tsaye, cikin shuɗiyar rigar da yayata ta aiko masa daga Ikara, wadda bai taɓa sawa ba sai ranar. Na dubi gonakin rake da suka kewaye mu, sun fi mutum tsawo, iska na kaɗa su. Masu wucewa a hanya duk na san su: mai kai taki a amalanke, matan da suka dawo daga ɗiban ruwa, wani maƙwabcinmu a kan keke da ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa nawa.

Da muka idar da magariba na sami Baba a zaure, na durƙusa na karanta masa komai tun daga farko. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "To me kake so a yi?"

Na ce, "Baba, ka ɗan daina sauka fadama. Ni da Baffa za mu iya."

"Kai da ba ka san lokacin sauke kasko ba?" Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Rake yana kwance a sare, Auta. In ya kwana biyu ba a matse ba tsami zai yi. Mutanen da suka yi oda fa, me za ka ce musu?"

"Zan ba su haƙuri."

"Ni me nake da shi da wani zai zo nema? Kwanon rumfa?"

Na ce, "Su ba abin da kake da shi suke gani ba, Baba. Abin da waya ta nuna musu suke gani."

Ya ci gaba da jan carbi har aka kira isha. Da zai tashi ya ce gobe in raka shi wurin mai unguwa, amma fadama kam zai je.

Mai unguwa ya karɓi maganar da muhimmanci. Ya ce 'yan sintiri za su riƙa leƙawa, ya kuma ce in daina ɗora bidiyo. Na daina. Abin da ban zata ba shi ne yadda shirun zai zama wata matsalar. Mutane suka fara rubutu, ina Baba, ko ba shi da lafiya ne? Oda ta ragu. Mai shafi marar hoto shi kaɗai ne bai tambayi inda Baba yake ba.

Makonnin nan na yi su ne da kunne a buɗe. Ƙarar kowane mashin sai ta tsayar da ni. A masallaci na kama kaina ina kallon aljihun mutane, wa ke da babbar waya, wa ya sayi sabuwa. A shagon mai caji, inda wayoyin rabin ƙauye ke jere a kan tebur, na tsaya ina kallonsu kamar ɗaya za ta yi magana. Mutanen nan da su na tashi, wasu sun goya ni.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Makarfi ce. Ina tasha ina ɗaure kwalaye. Baba kuma da sassafe aka aiko masa da rasuwar wani tsohon abokinsa a Kudan, ya tafi jana'iza ba shiri, ko Baffa sai a hanya ya gaya masa. Bayan azahar wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryar Baffa ce, da wayar wani ya kira.

"Auta, kana ina?"

"Ina tasha, Baffa. Lafiya?"

"Kira Yaya yanzu, babanka. Ka ce kada ya dawo gida. Ka ji ni? Kada ya dawo."

Sai daga baya, da na same shi a gidan mai unguwa zaune a tabarma ana ba shi ruwa, ya ba ni labarin. Yana kan wuta shi kaɗai, masu sara sun tafi salla, sai ga mutum uku a kan mashin ɗaya sun fito ta cikin rake, ba ta hanya ba. Sun rufe fuska da rawani, ɗaya yana da wani dogon abu a naɗe cikin bargo. Suka yi sallama, suka gaishe shi da ladabi, har da tambayar iyali. Sannan na gaba ya ce, "Ina Baba?"

Baffa ya ce ya yi tafiya.

Ba su yarda ba. Ɗaya ya zaga bayan rumfa, ya duba ɗakin inji. Mai bargon ya matso bakin kasko, ya ɗauki ludayi, ya ɗiga a ƙwaryar ruwa, ya murza da yatsa. Ya dubi Baffa ya ce, "Saura kaɗan, kada a yi mata gaggawa." Sauran suka yi dariya. Kowannensu ya ɗauki mazarƙwaila ɗaya daga cikin waɗanda suka sha iska, suka karɓi wayar Baffa, suka ce a gaida Baba, za su dawo. Baffa ya ce bai iya motsawa ba har sai da ya ji ƙaurin kaskon da ya ƙone.

Baba bai kwana a ƙauye ba ranar, bai kuma sake kwana ba a ranin nan. Daga Kudan aka wuce da shi Ikara, gidan yayata. Aka kai rahoto ga hukuma, na nuna musu saƙonnin, amma da muka je buɗe shafin sai muka tarar babu shi, an goge. Sauran raken maƙwabta ne suka taru suka taya Baffa matsewa, 'yan sintiri na zaune a bakin rumfa. Mutanen ba su dawo ba. Ba mu taɓa sanin ko su wane ne ba, ba mu kuma san wanda ya ga shuɗiyar riga ya faɗa ba.

Na goge duk bidiyon da Baba ya fito a ciki. Hakan bai hana komai ba, domin wasu sun riga sun kwafe, har yau nakan ci karo da su a shafukan da ban sani ba, an ɗora musu kiɗa. Da damina ta wuce muka kama wani fili a gefen garin Ikara, kusa da gidajen mutane, muka kafa inji a can. Ana kawo raken a mota daga fadama, abin da ya ƙara mana wahala. Na koma ɗora bidiyo, amma hannuwa kawai nake nunawa, da kasko, da tururi. Ba bishiya, ba bango, ba sararin sama. Ba na ɗora abin yau sai ya kwana biyu. Kasuwa ta dawo, ko da ba kamar da ba, kuma tana ciyar da mu.

Baba yana zuwa sabon wurin, yana zama a kan benci yana ba da umarni. Ya rame kaɗan. Ba ya son zaman gari, ya ce ruwansu ma ba ɗanɗano. Wani lokaci yakan sa a kai shi ƙauye ya duba gona, amma ba ya gaya wa kowa ranar, ko Inna sai ta ga yana neman takalmi.

Kwanakin baya hajiyar nan ta Kaduna ta kira ta yi oda. Da muka gama sai ta ce, don Allah in Baba yana kusa a ba ta shi su gaisa, ta daɗe ba ta ji muryarsa ba. Yana zaune kusa da ni, ya ji abin da ta ce. Na miƙa masa wayar. Ya dube ta a hannuna, bai karɓa ba.

Ya ce, a hankali yadda ba za ta ji ba, "Ka ce mata na gode. Ka ce ba na nan."