Kori Ba Hanya Ba Ne

Madawa, Litinin

Ƙarfe biyar da rabi, muna sallame asuba, mota kat-kat ta tashi da mu daga Madawa. Ɗaliban jami'a biyu ne, Hadiza da Isufu, sai direba Ila, sai ni da maigari ya ba su in nuna hanya. Sun ɗaure kamera bisa rufin mota tana ɗaukar hoto, odinatar, wato kwamfuta, tana mayar da shi taswira. Direbobin ambilans za a ba taswirar. Shi ya sa na bar ajinmu na yaƙi da jahilci kwana biyu: ɗiyata Zali ciki gare ta, haihuwar kuma tsakiyar damina za ta zo.

A bariyer, shingen bakin gari, jandarma ya ɗaga kai ya ce, "Wanga abu mu yake ɗauka?" Rabin awa munka yi. Da anka nuna masa hotonsa, sai ya gyara hula ya sallame mu.

Tama

Ƙarfe tara munka sha fura a bakin kasuwa. Dab da garinmu Isufu ya juyo mini da allon odinatar, ga jan layi miƙe har ƙofar masallaci.

"Baba, ga hanyarku. Odinatar ta ce ta fi kowace."

"Wanga ai kori ne, ɗana, hanyar ruwa."

"Ga sawun taya ko'ina!"

"Na rani ne. In ruwa ya sauko daga dutse, ko raƙumi ba ya tsayawa nan."

Hanyar damina ta bisa fako take, siririya, duk tsakuwa. Munka bi ta, kamera ta ɗauka, odinatar ta ce turbar jakai ce.

Na ce a goge jan layin. Hadiza ta ce mushensu, malaminsu na jami'a, ya kafa doka: ba mai gyara komai sai abokiyar aikinsu Rabi ta duba ta yarda. Rabi tana Tawa. Rezo na waya kuwa babu.

"Mutum uku, goge layi guda?"

Hadiza ta ce, "Baba, wancan watan Isufu ya yi gyara shi kaɗai, rabin garin Buza ya ɓace daga taswira."

Isufu ya ce, "Kwata ne."

Munka wuce garinmu, munka ci gaba da aikin. Munka kwana Buza, tuwon dawa miyar kuka, ban ji daɗinsa ba.

Allakaye, Talata

Ƙarfe takwas da minti goma munka hau tudu, rezo ya kama, Hadiza ta kira Rabi. Rabi ta ce hujja take so, ita yashi kawai take gani a hoto. Ina zan samo mata ruwa cikin bazara? Na karɓi wayar.

"Ɗiyata, duba aduwar da ke bakin yashin. Mi ke rataye ga rassanta, sama da kan mutum?"

"Kara ne... da tsumma, da leda."

"Wa ya rataya su?"

Can ta ce, "Ruwa ne. Hadiza, na yarda. Goge." Ina kallo layin ya koma bisa fako.

Gida

La'asar sakaliya munka iso, bayan taya ta fashe sau ɗaya. Zali ta kawo ruwa, na ce mata ambilans za ta iso gare ta.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Ila, da yaran nan, da Rabi da ban taɓa ganin fuskarta ba. Kafin su tafi na lissafa musu sauran korin da ke tsakaninmu da Keita. Hadiza ta ce kowanne sai an duba shi daban. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas.