Telan Littafi Ba Ya Sa Aljihu

Shekara talatin ina ɗinki a Ƙofar Kaura. Yadin da na yanka, da za a shimfiɗa shi, sai ya kai Daura ya dawo. Don haka ranar da ɗiyata 'yar aji biyar ta kawo mini aikin lissafi shago bayan la'asar, sai na gyara zama.

Tambayar ta ce wani tela yana da yadi bakwai da ɗigo biyar, kowane kaftani yana cin biyu da ɗigo biyar, kaftani nawa zai fitar? Ta bayyana mini cewa ɗigo biyar ɗin nan rabi ne. Na ce ai tun ba a haifi malamarsu ba nake yanka rabin yadi.

Ta lissafa ta samu uku. Na ce ta goge. Ina aljihu? Ina kalmasa? In shadda ta sha ruwa ta tsuke fa? Na sa ta rubuta biyu, ragowar a yi wando.

Washegari ta dawo da jan sifili mai girman faifai. Ba ta yi kuka ba. Sai dai daga ranar littafin ya daina zuwa shagona, ya koma wurin maƙwabcina mai kemis. Ina taka keke ina jiyo dariyarsu ta bango. Wannan ya fi sifilin ciwo.

Da mako ya zagayo na kira ta, na shimfiɗa yadi bakwai da rabi a tebur, na miƙa mata alli da tef. Ta auna biyu da rabi ta ja layi, ta sake, ta sake. Yadi ya ƙare cif, ko zare bai rage ba.

"Uku ne, Baba."

"Uku ne," na ce, "amma wanga tela na littafi, duk wanda ya kai mashi ɗinki ba ya da inda za ya sa goro."

Ta yi dariya har allin ya faɗi. Littafin ya dawo shagona, amma da sharaɗi: ni ne mai awo, ita ce mai rubuta amsa. Tambayar ranar ta man gyaɗa ce, lita huɗu da ɗigo takwas za a raba a kwalabe. Na buɗe baki zan yi maganar wanda ke maƙalewa a mazurari, ta ɗago ta dube ni. Na ja bakina na yi shiru.