Takalman Hajiya a Bakin Ƙofa

Shekara biyu bayan rasuwar maigidana, mahaifiyarsa ta bugo waya daga Kano ta ce bizarta ta fito, tana nan tafe ta ga jikokinta. Na ce, "Alhamdulillahi, Hajiya, Allah ya kawo ku lafiya." Na ajiye wayar na tsaya ina kallon ɗan falonmu.

Abin da Hajiya ta sani shi ne ɗanta injiniya ne, ya sayi gida mai lambu a Fort Washington, hoton gidan ma yana rataye a falonta. Abin da ba ta sani ba, bashin banki ne, kuma aikinsa ya tsaya tun kafin ciwo ya kwantar da shi, a shekarun nan da gidaje suka yi ta kuɓuce wa mutane. Ban daɗe da fita takaba ba banki ya karɓe abinsa. Na ce wa dangi mun koma Takoma Park ne don mu yi kusa da makarantar yara. Kowa ya ce na yi dabara.

Gaskiyar magana saura ƙiris mu fara kwana a mota, ni da 'ya'yana mata biyu. Aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, abin da nake samu kuwa haya kaɗai ta isa ta lashe shi. Wata abokiyar aikina 'yar Habasha ce ta ja ni ofishin hukumar gidaje. Ranar da na fara zuwa na jawo mayafi har kan gira, ina roƙon Allah kada ya haɗa ni da mai jin Hausa. Ni fa, da nake aika wa dangi kayan azumi duk shekara! An tambaye ni abin da ko uwar da ta haife ni ba ta taɓa tambayata ba: me nake samu, me na ajiye, wa yake ba ni, wa yake kwana a ɗakina. Na amsa duka kaina a ƙasa. Bayan jira mai tsawo aka sa mu cikin tallafin haya: ni in biya kasona, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Muka samu ɗaki biyu da falo a hawa na uku.

Amma da sharaɗi. Mu uku aka rubuta, mu uku za mu zauna. Baƙo ba zai wuce sati biyu ba. Sau ɗaya a shekara mai duba gida zai zo, irin dubagarinmu na da. Wanda aka kama ya ajiye mutum, tallafinsa ya tafi, sai ya nemi inda zai sa kansa. Lokacin da ake karanta min ko a jikina, don a ranar wa yake ta baƙo?

Hajiya ta sauka a tsakiyar zafi, irin zafin garin nan mai danshi da ke manne wa mutum riga. Ta zo da daddawa, da kuka, da yaji, da niyyar zama. Tun a mota ta ce, "A nan zan yi azumi, in yi ƙaramar Salla, in ga babba, sannan in koma." Na ce Allah ya kai mu. Da muka shiga ta ƙare wa falon kallo ta ce, "Wancan gidan fa?" Na ce, "Ya yi mana girma, Hajiya." Ta gyaɗa kai. "Haka ne. Gidan da babu namiji faɗi yake ƙarawa."

To, Hajiya ba mutumin da za a ɓoye ba ce. Da farko takalmanta: wasu silifas kore, ita lallai a waje za su kwana, a bakin ƙofa, kan hanyar da kowa ke bi. In na shigo da su a ɓoye sai in ji muryarta, "Wa ya kawo min takalmi inda ake salla?" Ta mayar. Da la'asar ta ɗauki carbinta ta sauka ta zauna a matakalar gaban gida, duk wanda ya gifta sai ta gaishe shi da Hausa, ta tambaye shi gajiya da iyali. Ba mai jin abin da take faɗa, amma cikin 'yan kwanaki duk ginin ya san ta. Da azumi ya kama sai ta ƙara da suyar ƙosai, tana ba yara suna kai wa maƙwabta ƙofa ƙofa. Har manajar gidan aka kai wa. Innalillahi!

Manajar ba muguwa ba ce. Ta ci ƙosan, ta yaba, sannan ta tare ni a wajen akwatin wasiƙu. Ta ce tana son tsohuwar nan, amma ita ba makauniya ba ce, takalman nan sun fi wata guda a ƙofata. Mai duba gida zai zo sati mai kamawa, in aka tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba. Na buga wa ofishin hukumar waya na tambaya ko za a iya ƙara sunan Hajiya. Suka ce mai bizar ziyara ba ta shiga.

Ta yaya zan faɗa mata? Surukata ce fa. Matar da ko abinci ba na iya ci a gabanta, ko ido ba na haɗawa da ita. Mu da aka tashe mu da cewa baƙonka annabinka, in buɗe baki in ce wa uwar mijina kwanakinta sun ƙare? Sannan in ta ce saboda me, in ce ɗanta ya mutu ya bar mu hukuma na biya mana haya? Sau nawa ina zuwa in durƙusa gabanta da maganar a bakina, in ƙare da tambayarta ya gwiwa.

Sai na koma 'yan dabaru, waɗanda yau in na tuna nake jin kamar in nutse. "Hajiya, da kun daina zama a waje, akwai iska." Ta dube ni. "Wace iska? Garin da ko ganye ba ya motsi?" In ofis suka kira sai in shige banɗaki in yi ta Turanci ƙasa ƙasa. Na wanke gidan tas, na canza labulen falo da ya yage, don kada mai duba gida ya samu abin cewa.

Ranar da zai zo na shirya wa Hajiya yini a gidan wani likita ɗan garinmu a Fort Washington, muna ɗasawa da matarsa. Na kai ta da safe, na juyo a guje. Na kwashe akwatinta, da dardumarta, da butarta, da silifas ɗin nan, na zuba a bayan mota kamar kayan sata. Mutumin ya zo, ya danna na'urar gano hayaƙin gobara, ya buɗe famfo, ya gwada tagogi, ya yi gaba. Ko tambayar wa ke kwana bai yi ba. Na mayar da komai inda yake, na je na ɗauko ta kafin shan ruwa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hajiya ta san yadda take ninke dardumarta, ƙaramar 'yata kuma ta ba ta labari da guntuwar Hausarta cewa wani mutum ya zo, Mama ta ɓoye kayan Kaka.

Washegari da hantsi ta kira ni ɗaki. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Matso, 'yar nan. Ni ba yarinya ba ce. Na ga sabon labule, na ga waya a banɗaki, na ga an kai ni unguwa an kau da kayana. Aure ba abin kunya ba ne. Kin yi wa yaron nan takaba, kin riƙe masa amana. In mutumin kirki ne, ya fito, ni zan fara sa albarka."

Allah ya yafe min, wani sanyi na ji. Wallahi a wannan lokacin na gwammace ta ɗauka miji nake nema da ta san gaskiya. Har na fara sunkuyar da kai irin na mai jin nauyi. Sai ta ci gaba.

"Sai dai yaran. Ba zan bar jinin ɗana ya zama agola a ƙasar da ba mu da kowa ba. Zan tafi da su, baffansu ya riƙe."

Nan kunya ta ƙare min. Na ce, "Hajiya, babu wani mutum. Mai duba gida ne. Gwamnati ce take biya mana haya." Na faɗa mata komai, har da maganar sati biyu, har da takalmanta. Ina magana ina kallon kafet, hawaye na ɗiga a kai.

Can ta ce, "Sadaka ke nan?"

"Kusan haka ne, Hajiya."

"Gidan da ke cikin hoto fa?"

"Banki ya karɓe."

"Wato bai bar muku komai ba."

Na so in kare shi, in ce ba laifinsa ba ne, sai ta riga ni. Ta ja carbinta, ta ce Allah ya jiƙansa. Sannan ta ce, "Kira min matar likita."

Na miƙa mata wayar. Sai ga Hajiya ta saki murya tana raha. "'Yata, kin gan ni nan, gwiwa ta ƙi. Hawa uku fa, ni da tsufana! Ko kuna da ɗan ɗaki a ƙasa ku taimaki tsohuwa?" A ranar suka zo suka ɗauke ta. Matar da ke sauka da hawa matakalar nan kullum ba ko nishi, ranar sai da ta dafa kafaɗata tana ɗingishi har mota, don su gani.

Maganganu sun biyo baya. A wajen sallar idi na ji ana cewa wance ta kasa riƙe uwar mijinta ko na wata biyu. Na haɗiye. Hajiya ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, a nan ko a gida, har ta koma ga Allah. Mu kuwa mun zauna a gidan nan har yaran suka gama sakandare.

Juma'ar farko bayan tashinta, direban likita ya kawo ta ta yini da jikokinta. Na leƙa ta taga na ga ta fito daga mota. Maƙwabciyarmu na ɗaga mata hannu daga matakala, Hajiya ta sunkuyar da kai ta wuce. Na buɗe ƙofa ina jira, ban ji ƙarar tafiyarta ba. Sai ga ta ta ɓullo a hawa na uku, ƙafa ba takalmi, tana sanɗa, silifas ɗin nan kore a ƙarƙashin mayafi ta matse a hammata.

Na ce, "Haba Hajiya, ziyara ai ba laifi ba ce, ku ajiye su a nan."

Ta waiga hagu da dama, ta yi ƙasa da murya. "Rufe ƙofar, 'yar nan, kada su gan ni su kore ku."

Ta shige falo, ta zauna a gefen kafet, ta tura takalman cikin jakarta.