Gombosuren, Direban Da Ke Bin Sawun Guguwa

Tun kafin hayaƙi ya tashi a tantunan garinmu, Gombosuren ya riga ya durƙusa gindin tsohuwar motar gunduma, yana gasa cikinta da garwashi don man da ya daskare ya saki. In ta tashi, sai ya sha shayinsa na madara da gishiri a tsaye, yana kallon inda iska ke fitowa. Haka ya yi fiye da shekara talatin. An ɗauke shi ne don kai ma'aikata taro da ɗauko buhunan fulawa. Neman waɗanda guguwa ta ɓatar ba ya cikin aikinsa, amma duk wanda nasa bai dawo daga kiwo ba, ƙofarsa yake bugawa.

Mu makiyaya ba tsakiyar hunturu muke tsoro ba, ƙarshensa ne, lokacin da tumaki ke haihuwa, rana ta yi daɗi har mutum ya tuɓe rigar fata. A irin wannan ranar ce ƙanwata Tsermaa da mijinta Namjil suka fita da garke. Da hantsi aka fara tsawa, ƙanƙara ta zubo, ruwa ya biyo yana daskarewa a jikin mutum da dabba, sannan dusar ƙanƙara ta taho a kwance, ba ka ganin hannunka. Tumaki suka bi iska, su kuma suka bi tumaki, har miji da mata suka rabu da juna.

Na ruga gareji, na tarar shugaban ofishin gunduma ya hana fita da mota.

Na ce, "Yaya Gombo, an ce ba inda za ka."

Ya ce, "Motar ya gaya wa, ita kuwa kurma ce. Shiga mu je."

Ko hanya ba a gani, iska kawai ya bi. A wani kwari muka sami Tsermaa rungume da tunkiya, ƙafafunta sun daskare sun yi fari fat. Da ƙyar ta ce Namjil ya yi wajen tafki. Gombosuren ya dubi ƙafafun, ya dubi wajen tafkin.

"In muka wuce nemansa, gawa biyu za mu kai gida," in ji shi. Ya juya sitiyari.

Yana sauke mu a asibiti ya koma shi kaɗai. Mota ta lalace a hanya, ya ci gaba da ƙafa. Washegari ya shigo gari yana jan Namjil a kan rigarsa, ba rai. Shi kuwa Gombosuren, yatsun ƙafarsa uku likita ya yanke.

Ga kuma ladan da muka ba shi. Ofis ya ja masa kunne kan lalata mota. A rediyo, shugaban da ya hana fita aka yaba. Ranar jana'iza, Dolgor, mahaifiyar Namjil, ta tare shi a gaban jama'a.

"Ka ɗauko bare, ka bar mini ɗana."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Inna."

Har yau in sun haɗu a kanti, kau da kai take yi. Ita ban ga laifinta ba, ɗanta ta rasa. Laifin namu ne, mu da muke tsaye a wurin, babu wanda ya ce uffan.

Watan jiya ya yi ritaya. An ba shi fulas ɗin shayi, mai jawabi kuma ya yi ta kiransa Gombodorj. Da na yi masa ƙorafi, sai ya ɗaga kafaɗa. "Ƙyale su, ƙanena. Wataƙila shi ma mutumin kirki ne."

Gombosuren, kai ne mai fita sa'ad da kowa ke ɗaure ƙofa. Kai ne ka dawo da rayayyu aka manta da kai, ka dawo da matattu aka ƙi jininka. Tsermaa tana tafiya da ƙafarta yau saboda kai. Mun gode, Yaya Gombo, ko da yake godiyar ta makara.

Sabon direba ya ce shi ba ya motsawa sai da izini. Ya ga abin da muka yi wa na gabansa. Tumaki kuwa sun fara haihuwa. Duk mai mota ko doki a cikinmu, in aka buga masa ƙofa, ya tashi ya fita kamar yadda wannan dattijo ya yi. Kafin nan, ku je ku gaishe shi. Yana nan bayan gareji, tanti mai shuɗiyar ƙofa, kuma sunansa Gombosuren.